Tambaya Huɗu Cikin Awa Uku

Zan faɗi abin a jere, yadda ya faru, domin ban iya ba da labari ta wata hanya ba. Wannan halin nawa ne ma ya kusa raba ni da aikina.

Shekara goma sha tara na yi ina tsaron injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe ta na yi 'yan buge-buge, daga baya wata Hajiya mai makarantar firamare a Unguwar Sanusi ta ɗauke ni koyarwa. Ba don zurfin ilimi ta ɗauke ni ba. Sakandare kaɗai na gama, ita ma da ƙyar. Ta ɗauke ni ne don ba na makara, kuma rubutuna a allo yana karantuwa har daga bencin baya. Na riƙe aji huɗu shekara shida, ba uban da ya taɓa kawo ƙarata. Sai wata rana ta kira ni ofis ta ce masu duba makarantu sun ba ta wa'adi: duk malamin da ba shi da takardar shaidar malanta, ko ta sallame shi, ko su rufe mata makaranta.

"Malam, wallahi ba na son rabuwa da kai," in ji ta. "Amma takarda suke tambaya, ba hali ba."

Na ce mata za a kawo takarda.

Haka na shiga karatun ƙarshen mako ina da shekara hamsin da ɗaya. Juma'a da yamma da kuma Asabar nake barin gidana a Tudun Wada in tafi wata makarantar sakandare da ake aron azuzuwanta don irinmu. Da aka ce kowa ya zaɓi fanninsa, na zaɓi tarihi ba tare da na yi shawara da kowa ba. A ganina shi kaɗai ne karatun da ke da tsari: abu ya faru, sannan wani ya biyo baya saboda na farkon.

Kowa a ajin Baba yake ce mini. Wadda take zama kusa da ni wata mata ce daga Narayi, malama a makarantar yara ta cocinsu, mai 'ya'ya huɗu da bakin da ba ya hutawa. Ni Madam nake ce mata. Takan ari littafina ta kwafi darasi, ta mayar mini tana ƙorafin wai rubutuna ya cika kyau, yana sa ta jin kunyar nata.

Sauran darussa ban sha wahalarsu ba, domin yawanci gajerun amsoshi ake so. Jarrabawar tarihi kuwa dabam take. Za a ba ka tambaya shida, ka zaɓi huɗu, ka amsa kowace da dogon bayani, da Turanci, da biro, cikin awa uku.

Ranar da na fara zama mata, tambayar farko da idona ya faɗa a kai ita ce: bayyana dalilan da suka sa Turawan mulki suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna. Na yi murmushi. Garin da na tsufa a cikinsa ake tambayata. Na ɗauki rula na ja layin gefe, na rubuta kan magana, na ja masa layi biyu. Sannan na tsaya na yi tunani. Ba za ka faɗi abin da ya fitar da su daga Zungeru ba sai ka faɗi abin da ya kai su can. Ba za ka faɗi wannan ba sai ka ambaci zamansu a Jebba. Jebba kuma ba ta da ma'ana in ba ka fara da Lokoja ba, da jiragen ruwan 'yan kasuwa da suka biyo kogin Kwara. Saboda haka na fara daga bakin teku.

Rubutu ya yi mini daɗi ranar. Ban tsallake ko mataki ɗaya ba. Ina shafi na tara, ina bayanin zafin Zungeru da sauronta, sai na ji mai kula da jarrabawa ya ce kowa ya ajiye biro. Na ɗaga kai ina zaton da wani ajin yake. Ashe awa uku ce ta cika. Ban iso Kaduna ba. Sauran tambayoyi uku kuwa ko lambarsu ban rubuta ba.

Kuskurena na biyu a ranar shi ne na faɗa wa Madam a bakin ƙofa. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Baba! Awa uku, kuma ba ka iso garinku ba? Ai da ka ce mini, da na turo maka mota."

Daga ranar gaisuwarmu ta canza. Duk inda ta gan ni sai ta ce, "Baba, ina kwana? Yaya mutanen Zungeru?" Ba da daɗewa ba duk ajin suka ɗauka.

Na faɗi wannan jarrabawa, ita kaɗai. Dokar karatun kuwa ita ce za a ba ka dama ɗaya ka sake. In ka kuma faɗuwa, ka bar musu wurinsu. Wa'adin Hajiya kuma yana cika ne ƙarshen wannan shekarar. Lissafin ba shi da wuya: zama ɗaya ya rage mini, kuma aikina yana cikinsa.

Na je wurin malamin tarihin. Saurayi ne, bai girmi ɗana na fari ba, amma malamina ne, don haka na tsaya har sai da ya ce in zauna. Ya zaro takardata daga cikin tulin da ke gefensa ya jujjuya ta.

"Baba, wannan ai ba amsa ba ce. Littafi ka fara."

"Malam, akwai kuskure a ciki?"

"Babu."

"Akwai abin da na sa gaba alhali baya ya kamata ya zo?"

"Babu, Baba. Amma ba shi na tambaye ka ba. Ni Kaduna na ce, kai kuma ka kai ni teku."

Sai ya ba ni shawara biyu. Ta farko, in canza fanni in koma wanda ake zaɓen amsa a cikin huɗu, tunda a shekaruna hannu ya riga ya yi nauyi. Yana faɗin haka yana kallon ɗan yatsana na tsakiya, wanda bel ɗin inji ya taɓa kamawa, har yau ba ya lanƙwasuwa sosai. Ta biyu, in na dage, to in haddace dalilai biyar-biyar a kan kowane batu, in zuba su kawai, ba gabatarwa, ba asali.

Na ce masa fanni ba zan canza ba, domin ban saba barin inji don zare ya tsinke ba. Dalilan da ba a san inda suka fito ba kuwa, wannan ba tarihi ba ne, jerin kayan miya ne.

Ya yi dariya ya ce, "To Baba, agogo bai san wannan ba."

Shawara ta uku wani abokin karatunmu ne ya kawo ta, magidanci, mai shagon kayan gini a Makera. Ya ja ni gefe ya ce hulata tana da zurfi, kuma ba mai kula da jarrabawar da zai iya buɗe baki ya ce dattijo kamata ya cire hula. 'Yar takarda ƙarama ta isa. Na ce masa ni a masaƙa shekara goma sha tara ana caje mu a bakin get, ba a taɓa samun ko ƙyalle a jikina ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Bai sake zama kusa da ni ba.

Maganar malamin ce ta tsaya mini a rai, wai agogo bai san wannan ba. Na yi kwanaki ina jujjuya ta, ina jin haushi. Wa zai koya mini agogo? Ni da jiniya ta yi wa tarbiyya? A nan ne na tuna abin da na manta.

A masaƙa, kowane inji yana da kati rataye a jikinsa. Idan jiniyar canjin aiki ta kaɗa, ba ruwanta da inda ka kai. Ko saura taku ɗaya yadi ya cika, za ka ɗauke hannunka. Sai ka ɗauki katin ka rubuta layi uku: inda ka tsaya, inda zare yake yawan tsinkewa, da abin da ya rage a yi. Wanda zai karɓe ka ya karanta ya ɗora. Foman ɗinmu, wato shugaban aikinmu, yakan yafe maka ƙarancin yadi, amma ba ya yafe katin da aka bari fari. Na zauna na lissafa: duk tsawon shekarun nan, da wuya in akwai bandir ɗaya da ni na fara shi ni na gama. Wani ya fara, ni na ci gaba, wani ya ƙarasa. Kuma ban taɓa kiran wannan rashin tsari ba. Shi ne ma tsarin.

To me ya sa a ɗakin jarrabawa nake neman in saƙa bandir guda ni kaɗai?

Na raba awa uku gida huɗu: minti arba'in da biyar kowace tambaya. Na ɗauki kowace a matsayin inji guda. In lokacinta ya cika, a ɗauke hannu, a rubuta layi uku na abin da ya rage, a wuce ta gaba.

Saura jiniya. Na kira mai ɗakina na yi mata bayani, na ba ta agogon hannuna. Ta saurara har na gama, sannan ta shiga madafa ta fito da murfin babbar tukunya da ludayin ƙarfe. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan zauna a tsakar gida da tsofaffin tambayoyi, ita kuma ta zauna a kujerarta tana tsinke zogale, agogo a cinyarta. Ban taɓa ganin ta ji daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

"Tsaya, bari in rufe wannan jimlar."

"A masaƙa ana tsayawa?"

"Kalma uku suka rage."

"Malam, kai ka ce ko kuka kake yi kada in saurare ka. Juya shafi."

Makonnin farko murfin yakan same ni a Jebba. Sai na kafa wa kaina doka: asalin magana zai samu rabin shafi, ba ƙari. Amma ban yarda in jefar da shi gaba ɗaya ba, kamar yadda malamin ya so. Rabin shafin nan nawa ne. Lokoja layi biyu, Jebba layi ɗaya, Zungeru layi uku, sannan a shiga abin da aka tambaya.

Hannu kuma ya kawo nasa. Bayan awa biyu yatsan nan yakan ƙage, rubutu ya fara karkacewa. Na naɗe biro da zare har ya yi kauri, yadda ba sai na matse shi ba. Kafin in fara kuma nakan tsoma hannun a ruwan ɗumi. Abin da ya fi mini ciwo shi ne rula. Mai ɗakina ta lura ina ɓata minti uku-uku wajen jan layi, ta ɗauke ta ta ɓoye. Na tambaya, ta ce sai na kawo takarda. Mun yi kwana biyu maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba, amma ban bincika kayanta ba.

Ranar jarrabawa ta zo cikin damina, da safe, ruwa yana dukan kwanon ɗakin. Mu kusan talatin ne masu sakewa, har da Madam, wadda ita ma ashe ta faɗi, ta dai ɓoye mini. Da na gan ta na ce, "Madam, ke kuma a wane gari kika kwana?" Ta ce in rufa mata asiri.

Mai kula da jarrabawar wani matashi ne da ban sani ba. Kafin a raba takardu ya ajiye kwali a kan tebur ya ce sabuwar doka ta fito: waya da agogon hannu duk a zuba a ciki, domin yanzu akwai agogon da ake ɓoye rubutu a cikinsa. Na dubi bango. Ƙusa ce kawai a inda agogo ya taɓa zama.

Na kai agogona na sa a kwalin, domin doka doka ce. Sannan na tambaye shi yadda za mu san lokaci.

"Zan faɗa muku in saura minti goma."

Kowa ya zauna. Ni ban zauna ba.

"Baba, zauna mana, za mu fara."

"Malam, wanda ya ce awa uku, shi ya kamata ya nuna awa ukun. Ka karɓi agogona, ban yi musu ba. To ka riƙa sanar da mu duk minti arba'in da biyar."

"Ba aikina ba ne. Ba a ce in yi haka ba."

"An ce kada ka yi?"

Ya ɓata fuska. Ya ce ina tayar da hankalin ɗaki, kuma in ban zauna ba zai rubuta lambata ya kai ofis, in ya kai kuwa ba ni ba jarrabawar yau. Na san abin da hakan yake nufi. Na tuna Hajiya, na tuna ajina. Amma na kuma san cewa in na zauna ba jiniya, sakamakon ɗaya ne, sai dai in faɗi a zaune cikin ladabi. Saboda haka na karanta masa lambar tawa da kaina, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kada ya yi kuskure.

Sai na ji kujera ta motsa a gefena. Madam ce ta miƙe.

"Oga, ka rubuta tawa ma. Haba! Ka buga wa dattijo ƙararrawarsa mana. Ko so kake ya sake kwana a Zungeru? Mu muka san wahalar da muka sha kafin mu dawo da shi."

Dariya ta ɓarke. Wasu uku suka miƙe, ba don ni ba, don su ma sai a lokacin suka lura ba agogo. Matashin ya fita a fusace ya dawo da babban jami'in jarrabawa, wani mai furfura kamata. Ya saurari kowa, ya dubi ƙusar da ke bango, ya dube ni.

"Alhaji, abin da kake nema ke nan kawai?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Ban nemi ƙarin minti ɗaya ba."

Ya ce wa matashin ya riƙa buga tebur da abin goge allo duk minti arba'in da biyar, ya kuma rubuta lokacin a allo. Sannan ya ce mini in zauna. Na zauna.

Na zaɓi tambayoyina huɗu, na jera su. Ta Kaduna ta sake fitowa, ita ce ta shida a takardar, na ajiye ta a ƙarshe da gangan. Na fara da ta cinikin hamada. Rabin shafi na asali, sannan gishiri, fatu, raƙuma, zango-zango. Ina tsakiyar jimla, kuma hujjata mafi ƙarfi ba ta riga ta hau takarda ba, sai na ji bugun tebur. Da ƙarfi ya buga, don ya huce haushinsa a kaina. Hannuna ya ƙi tsayawa. Na ji zuciyata tana cewa minti biyar kawai, wa zai sani? Na ɗaga biron sama kamar mai cire hannu daga wuta. Na tsallake layi ɗaya, na rubuta: aikin da ya rage. Na jera abu uku, kowane layi guda. Na juya shafi.

Ta biyu ta fi sauƙi. A ta uku yatsan ya fara ƙagewa, na riƙa matsa shi a cinyata ina rubutu. Da bugu na uku ya zo, rubutuna ya riga ya koma irin wanda nake dukan tebur a kansa in na gani a littafin ɗalibi. Ban tsaya gyarawa ba. Na shiga ta huɗu. Lokoja layi biyu. Jebba layi ɗaya. Zungeru layi uku, da zafinta da sauronta. Sannan na rubuta Kaduna: ga kogi mai ruwa rani da damina, ga mahaɗar layin dogo, ga ta kusa da manyan garuruwan Arewa, ga fili da za a shata bariki da ofisoshi ba tare da an matsi wani tsohon birni ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce a ajiye biro, ina kan layi na biyu na aikin da ya rage.

A bakin ƙofa Madam ta tare ni. "Baba, yaya hanya?"

"Na iso."

"Da kaya ko ba kaya?"

"Da rabin kaya. Sauran na bar wa wanda zai karɓe ni."

Sakamako ya fito bayan mako shida. Na ci, da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Madam ta fi ni da kaɗan, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba. Na koma wurin malamin tarihin don ya sa hannu a takardar kammalawa. Ya tambaye ni mene ne wannan aikin da ya rage da nake rubutawa a ƙasan kowace amsa. Na yi masa bayanin katin inji. Ya ce ya ba ni maki a kansu, tunda hujjojin suna nan ko da ba a faɗaɗa su ba, kuma su ne suka tsallakar da ni.

"Amma Baba, rabin shafin nan da kake farawa da shi, ko maki ɗaya bai samu ba. Sau huɗu. Da ka bar shi, da ka fi haka nisa."

"Na sani, Malam. Ba don maki na rubuta shi ba."

"In aka ce ka sake fa?"

"Zan sake rubuta shi."

Na kuma faɗa masa, tunda ya riga ya sa hannu, cewa awa ukun nan tasu saurin yatsa take aunawa, ba sanin tarihi ba. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Na ce na sani, amma shi ne a gabana.

Na kai wa Hajiya takarda saura mako uku wa'adinta ya cika. Ta duba, ta sa a fayil, ta ce in koma ajina. Da na dawo gida na tarar da rulata a kan tabarma, ba wanda ya ce mini komai a kanta.

Har yanzu ina aji huɗu. In za mu yi tarihin garinmu, daga Lokoja nake farawa, kuma duk wanda bai so ba ya kai ƙarata ofis. Bambancin kawai, in ƙararrawa ta kaɗa ina tsakiyar magana, nakan ajiye alli, sannan in sake ɗaukarsa in rubuta layi uku a kusurwar allo. Na hana kowa goge su sai na dawo.